Hoton Taurari da Shaidar Ganin Wata: Ina Matsayin Kamara?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya ƙawata sama da taurari, Ya gudanar da rana da wata a kan lissafi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.



Tambayoyi sun maimaitu a kan wani al'amari da ya fara shigo mana a nan Yamai. Wasu daga cikin samarinmu, musamman ɗalibai da masu sana'ar hoto, suna fita da dare da kamara da wata na'ura mai bin tafiyar taurari, suna ɗauko hotunan sama. Masu tambaya sun kasu uku. Wasu na cewa, shin wannan bai shiga duba da bokanci ba? Wasu na cewa ɓata lokaci ne kawai. Wasu kuma, waɗanda tambayarsu ta fi nauyi, na cewa: idan ɗaya daga cikin samarin nan ya kawo hoton jinjirin wata, za mu ɗauki azumi ko mu yi salla da shi?

Abin da nake gani a taƙaice shi ne: aikin halal ne, kuma yana iya zama hidima ga addini idan an sa shi a muhallinsa. Amma hoto mataimakin shaida ne. Ba ya zama shaida da kansa, kuma ba ya ba kowa ikon sanar da shigar wata. Ga bayanin.

YADDA NA'URAR TAKE AIKI

Malamai sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa, don haka mu fara da sanin abin da ake magana a kai.

Duniya tana juyawa sau ɗaya a cikin awa 23 da minti 56, shi ya sa muke ganin taurari suna hudowa daga gabas suna faɗuwa yamma, suna cin kusan digiri 15 a kowace awa. Hasken mafi yawansu mai rauni ne ƙwarai. Idon mutum yana kallo ne nan take, ba ya tara haske. Ita kuwa kamara ana iya barin idonta a buɗe na minti ɗaya ko biyu, tana tara haske kamar yadda ake tara ruwan sama a randa. Matsalar ita ce, kafin ta gama tarawa tauraron ya gusa, sai ya fito a hoto kamar zare. Da gilashin kamara na yau da kullum, sakan goma ma sun isa a fara ganin jan layin.

Maganin wannan shi ne na'urar bin taurari. Ƙaramin inji ne da ake ɗorawa a kan mazauni mai ƙafa uku, a ɗora kamara a kansa. Ana saita sandarsa ta fuskanci tauraron arewa, wanda malaman fiƙihu suka sani da Jadyu, suna kafa hujja da shi wajen gano alƙibla. A Yamai yana tsaye ne kimanin digiri 13 da rabi sama da gefen ƙasa, gwargwadon nisanmu daga tsakiyar duniya, shi ya sa gini ko hazo ke yawan rufe shi. Idan saiti ya yi daidai, injin yana juya kamara a hankali da irin saurin da sama ke juyawa, sai tauraron ya tsaya cik a wuri ɗaya. Daga nan mai hoto ya ɗauki hotuna hamsin ko ɗari na wuri guda, ya haɗa su a kwamfuta, ya ƙara musu haske da kaifi, har abin da ido bai taɓa gani ba ya bayyana.

Ku riƙe wannan jumla ta ƙarshe, domin a kanta mas'alar jinjirin wata za ta ginu.

SHIN DUBA NE?

Malamai sun raba ilimin taurari gida biyu. Na farko shi ne ilimin tasiri, wato da'awar cewa tauraro yana kawo arziki ko tsiya, aure ko mutuwa, ko kuma ana sanin gaibu ta hanyarsa. Wannan haramun ne, kuma yana iya kai mai shi ga shirka. Hadisin Zaidu ɗan Khalid Aljuhani, wanda Imamu Malik da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina saukar ruwa ga tauraro, a safiyar da aka kwana ana ruwa a Hudaibiyya. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai Annabi ya gyara musu: rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Na biyu shi ne ilimin tafiyar taurari, wato sanin mahudarsu da mafaɗarsu da lokutansu. Alƙur'ani ya ambaci wannan a matsayin ni'ima: aya ta 97 a Suratul An'am ta yi maganar shiryuwa da taurari a duhun tudu da teku, aya ta 5 a Suratu Yunus ta yi maganar masaukan wata da sanin adadin shekaru da lissafi. Iyayenmu manoma da wannan ilimi suke aiki har gobe, suna ƙirga masaukai 28, kowanne kwana 13 in ban da guda ɗaya mai kwana 14, suna cewa an shiga Nasara, an shiga Ɗarfa, an shiga Jabha. Sun san Kaza da ƴaƴanta, sun san Gamzaki da Zara. Madugai masu ratsa Tenere zuwa Bilma da taurari suka san hanya.

Manyan masallatai a da suna da ma'aikaci na musamman mai kula da lokutan salla, ana kiransa muwaƙƙit. Ibnu Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, shi ne mai wannan aiki a masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, kuma yana cikin manyan masana falaki na zamaninsa. Abdurrahman Assufi ya rubuta littafinsa kan taurari wajen shekara ta 964, ya ambaci wani ɗan gajimare mai haske a sama. Wannan ɗan gajimaren shi ne tarin taurarin da ake kira Andromeda, wanda haskensa ke yin shekara kusan miliyan biyu da rabi kafin ya iso gare mu, kuma yana cikin abubuwan farko da masu wannan sha'awa ke ɗauka a yau.

Saboda haka saurayin da ya ɗauki hoton sama bai yi duba ba. Saɓanin malamai kan hoto ma bai shafe shi ba, domin maganarsu a kan mai rai take. Idan kallon ya ƙara masa tsoron Allah, to ya shiga cikin masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa, waɗanda ƙarshen Suratu Ali Imrana ya yaba. Wanda ya kamata mu ji wa tsoro shi ne mai karanta burujin ranar haihuwarsa a waya don ya san sa'ar mako, ko da bai taɓa ɗaga kai ya kalli sama ba.

MAS'ALAR JINJIRIN WATA

A nan ne maganar take da nauyi, domin azumin al'umma da sallarta sun rataya a kai.

Shari'a ta rataya shigar wata a kan ganinsa, idan kuma ya ɓuya a cika kwana talatin. A mazhabar Imamu Malik, ganin yana tabbata da shaidar adalai biyu, ko da labarin jama'a mai yawa wadda ba za ta haɗu a kan ƙarya ba. Shehu Khalil ya bayyana a Mukhtasar cewa wata ba ya tabbata da maganar mai lissafin taurari. Imamu Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya faɗi dalili a littafinsa na Furuƙ: lokutan salla an rataya su a kan shigar lokacin kansa, kowace hanya ta tabbatar da shi ta wadatar, amma azumi an rataya shi a kan gani.

To, mene ne hukuncin wanda ya gani ta madubin hangen nesa? Mafi yawan malaman wannan zamani sun karɓe shi, domin ido ne ya gani, madubi ya taimaka masa kamar yadda tabarau ke taimakon dattijo. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, wadda Nijar ke cikinta, ta zauna a birnin Amman a 1986 ta yanke cewa gani shi ne abin dogaro, a kuma nemi taimakon lissafin falaki da wuraren hangen sama.

Hoton da aka tara aka sarrafa a kwamfuta kuwa wani abu ne daban. Ga misalin da zai bayyana muku. Ranar 8 ga Yuli 2013, wani Bafaranshe mai ɗaukar hoton sama don sha'awa, Thierry Legault, ya ɗauki hoton siririn wata da hantsi, rana tana sama, a daidai lokacin da wata ya haɗu da rana a lissafi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai digiri 5 ba. Ya yi amfani da na'urar bin taurari, da matatar hasken da ido ba ya gani, da garkuwar tare hasken rana. Hoton gaskiya ne, babu ha'inci a cikinsa. Amma babu ɗan Adam ɗin da zai iya ganin wannan wata da idonsa a ranar. Tun a shekarun 1930 masanin falaki André Danjon ya nuna cewa idan tazarar wata da rana ta gaza kimanin digiri 7, ido ba ya kama jinjirin. Mafi ƙuruciyar watan da masana suka amince an gani da ido tsura ya kai kusan awa 15 da rabi da haihuwa.

Ma'anar wannan ita ce, mai kayan aiki da ƙwarewa yana iya fito da hoton wata a kusan kowace rana, har ranar da wata ya ɓuya. Idan muka ce hoto shi kaɗai hujja ne, mun rushe ma'anar hilali, wanda Larabawa suka kira shi haka saboda mutane suna ɗaga murya idan sun gan shi. Ayar Suratul Baƙara ta 189 ta sanya jinjirin wata ma'aunin lokaci ga mutane, wato makiyayi a Abalak da masunci a bakin kogin Isa, da wanda yake da kamara da wanda ba shi da ita. Addinin da aka saukar ga kowa ba a rataya farillarsa a kan injin da ɗaya cikin dubu ya mallaka.

Ƙari a kan haka, shaida a Musulunci mutum ne mai amana, wanda alƙali zai tambaya, ya binciki adalcinsa, kuma zai tsaya gaban Allah da abin da ya faɗa. Hoton da ke yawo a WhatsApp ba shi da uba. Yana iya zama na bara, yana iya zama na wata ƙasa, yana iya zama na daren biyu ga wata, yana iya zama ƙirƙirarre gaba ɗaya. Duk daren shakka muna ganin irinsu, an rubuta "an ga wata" a ƙasa, babu sunan gari, babu sunan mai ɗauka.

INDA KAMARA TAKE DA AMFANI

Kada wani ya fahimci cewa na rufe ƙofa. Muna da buƙatar waɗannan samari fiye da yadda muke zato.

Ku tuna ƙaramar sallar shekarar 1445. A Nijar da Mali an yi salla ranar Talata 9 ga Afrilu 2024, a Najeriya da Saudiyya kuwa ranar Laraba. A yammacin Litinin ɗin da aka duba wata, an yi cikakken husufin rana a Meziko da Amurka da Kanada, miliyoyin mutane suna kallo. Husufin rana shi ne wucewar wata ta gaban rana. Haɗuwar tasu ta kasance wajen ƙarfe 7 da minti 21 na yamma agogon Nijar, alhali rana ta faɗi a Yamai tun ƙarfe 7 da ƴan mintuna, a gabashin ƙasa kuma ta riga haka faɗuwa. Mutane da yawa sun shiga ruɗani, gardama ta kaure a masallatai da wayoyi.

Ban kawo wannan don tuhumar kowa ba. Hukuma ta yi hukunci da shaidar da ta zo mata, wanda ya bi sanarwa ya sauke nauyinsa, kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya nuna cewa azumi da shan ruwa suna tare da jama'a. Abin da nake nufi shi ne, mutumin kirki yana iya rantsuwa da gaskiyarsa alhali idonsa ya yaudare shi. Siririn gajimare da rana ta haska, farin hayaƙin jirgin sama, tauraruwar Zara a cikin hazo, duk suna kama da jinjirin wata ga mai ɗokin gani. Malamanmu sun san da wannan. Shi ya sa Malikiyya suka ce idan adalai biyu suka yi shaida, aka ƙirga kwana talatin, sama tana garau ba a ga wata ba, to shaidarsu ta faɗi. Imamu Subki, daga malaman Shafi'iyya, ya tafi a kan cewa idan tabbataccen lissafi ya nuna ganin ba zai yiwu ba, alƙali ya mayar da shaidar, domin shaida zato ce mai ƙarfi, ba ta tunkuɗe yaƙini. Wasu malamai sun saɓa masa, amma maganarsa tana da ƙarfi, kuma da yawa daga malaman zamani sun ɗauke ta wajen kore ganin da ba zai yiwu ba.

A nan mai na'ura yake da aiki iri uku. Na farko, ya san inda wata zai tsaya bayan faɗuwar rana, tsayinsa da ɓangarensa da mintunan da zai yi kafin ya faɗi, sai ya nuna wa masu duba inda za su zuba ido. Na biyu, idan adalai suka gani, hotonsa na wannan wuri da wannan lokaci yana ƙarfafa su, zukata su natsu. Na uku, idan an saita na'ura a daidai wurin, sama tana garau, ba ta kama komai ba, wannan bayani ne da ya kamata ya isa ga masu hukunci kafin su yanke.

Saboda haka ina kira, cikin ladabi, ga Majalisar Addinin Musulunci ta Nijar da ƙungiyoyin malamanmu da su jawo masu wannan ilimi kusa, daga jami'ar Abdou Moumouni da jami'ar Musulunci ta Sayi da sauran wurare. A samu masu duba da aka horar a kowace jiha, su riƙa fita ranar 29 ga kowane wata, ba sai Sha'aban da Ramadan ba. Wanda ya saba ganin jinjiri sau goma sha biyu a shekara ba ya ruɗuwa da hayaƙin jirgi.

Akwai wasu hidimomin bayan wannan. Kamara tana bambanta alfijir na ƙarya, mai tashi tsaye kamar wutsiyar kyarkeci, da alfijir na gaskiya mai shimfiɗuwa a gefen sama, kuma ladananmu za su amfana da ganin wannan. Alƙiblar Yamai tana kimanin digiri 72 daga arewa zuwa gabas. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10 da minti 18 na safe agogonmu, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10 da minti 27. Duk wanda ya fuskanci ɓangaren rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla. Wanda ya iya saita inji da tauraron arewa ba zai gaza gyara sahun masallacin unguwarsu ba.

NASIHA GA MASU WANNAN SHA'AWA

Ƴaƴana, ga sharuɗɗa biyar.

Ɗaya: salla. Wanda ya kwana yana bin Suraya ya yi barci ya bar Asuba, ya yi asarar da hoto ba ya biya. Tunda kun riga kun farka a sulusin dare na ƙarshe, injin yana aikinsa da kansa, ku shimfiɗa darduma.

Biyu: dukiya. Kayan nan suna da tsada. Ciyar da iyali da biyan bashi wajibi ne, sayen gilashin kamara halal ne kawai, kuma ba a gabatar da halal a kan wajibi.

Uku: gaskiya. Idan ka haɗa hotuna ko ka ƙara haske, ka faɗa. Ka adana hoton asali da kwanan wata da lokaci da wuri. Wanda ya yaɗa hoton ƙarya ya sa mutane suka sha ruwa a ranar azumi, ya ɗauki nauyin da ba zai iya ba.

Huɗu: tsare rai. Kada ka kuskura ka duba ta madubin hangen nesa kafin rana ta faɗi gaba ɗaya, domin kallo guda yana ƙona ido har abada. Fitilun birni da ƙurar hunturu suna tura ku bayan gari neman duhu, alhali kun san halin tsaro da ƙasa take ciki. Kada ku fita sai inda aka aminta, da sanin iyaye da hukuma da mai garin wurin, kuma ku nisanci wuraren jami'an tsaro. Ku kuma kiyaye kada gilashinku ya leƙa gidajen mutane.

Biyar: ladabin sanarwa. Idan ka ga wata, ko ka ɗauke shi, ka kai ga liman ko sarki ko wakilin hukuma a yankinku, ka yi shiru har a sanar. Idan sanarwa ta saɓa wa abin da ka sani, ka rubuta hujjarka ka kai wa malamai. Kada ka mayar da iliminka sandar dukan dattawa a Facebook. Ba a gyara kuskure da raba kan al'umma.

Ga sauran jama'a kuma: kada ku tura hoton wata da ba ku san asalinsa ba, ko da wanda ya turo muku babba ne. Ku jira sanarwar hukuma. Kuma ranar 29 ga wata, bayan sallar Magariba, ku fito da ƴaƴanku ku dubi yamma. Neman jinjirin wata farilla ce ta kifaya, kuma mun fara barinta muna jiran waya.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya haɗa kanmu a kan azumi ɗaya da salla ɗaya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.